Saman Buhu da Ƙasansa

 

Ya 'yan uwa, wani tsohon ɗalibina ya tare ni bayan sallar La'asar, waya a hannunsa, ya ce: "Malam, na sayi hannun jari a wani kamfani. Shin halal ne? Kuma yaya zan fitar da zakkarsa?" Na ce masa littattafan fiƙihun da ke ɗakina ba za su amsa masa su kaɗai ba, sai mun ga lissafin kamfanin. Muka zauna a kan tabarma, muka buɗe shafin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wadda ake kira NGX tun 2021, muka sauko da rahoton shekara.

Dalili kuwa shi ne, malaman hukumar AAOIFI da ke Bahrain sun gindaya sharuɗɗa. Bayan asalin sana'ar kamfani ta zama halal, kada bashinsa mai kuɗin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, kuma kada abin da ya samu ta hanyar haram ya haura kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan kason ma wajibi ne mai hannun jari ya fitar da rabonsa ya bayar. Zakka ma haka take. Wanda ya saya don ya ajiye, ba don ya juya ba, yana bukatar sanin tsabar kuɗi da hajar da kamfanin yake riƙe da su. To, idan alƙaluman ƙarya ne fa? Fatawata ta hau kan rairayi ke nan, kuma bawan Allah ya ci riba yana zaton ya tsarkake dukiyarsa.

Ina karantawa ina tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. A 2007 ya sayar da gona ya sayi hannun jarin wani banki, saboda kowa a unguwa yana saya. Kasuwa ta rushe a 2008. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, bayan bincike ya bankaɗo tarin basussukan da ba a biya. Takardun Baba har yau suna cikin akwatin Inna. Bai taɓa cewa an cuce shi ba, ƙaddara yake cewa. Ni kam ina ganin duka biyun ne.

Mai sayen hatsi a Dawanau yana iya zura hannu har ƙasan buhu, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya zura hannunsa cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ɓoye, ya kuma tsawatar wa mai shi. Mai sayen hannun jari ba shi da buhun da zai taɓa, sai abin da akawu ya rubuta, mai binciken lissafi ya sa wa hannu, kasuwa ta wallafa.

Mun yi lissafinmu da ɗalibin har aka kira Magariba. Bashin kamfanin ya tsaya ƙasa da iyaka, amma da ƙyar. Na ce ya riƙe jarinsa, ya dawo mini idan rahoto na gaba ya fito.