Tauraro guda a ƙofar Kawu

Ni ɗan Takanamat ne. Da na samu bak a 2022 na zo jami'a nan Tawa, kuma ba ni da wurin sa haƙarƙari sai gidan kawuna, yayan innata. Kawu ya yi shekara 19 yana bida a Abijan, kamar sauran mazan Adar da ke barin gida da an gama girbi. Da abin da ya tara ya gina ɗaki shida. A 2017, lokacin bikin Tahoua Sakola na 18 ga Disamba, garin ya cika da baƙi har masauki ya yi wuya, sai ya maida gidan oberj. Sharaɗin da munka yi mai sauƙi ne: ni in riƙe littafin baƙi, in rubuta fakitir ga mai so, shi kuma ya ci da ni, ya biya mini kuɗin rajista kowace shekara.

Ɗakunan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Katifa, gidan sauro, bantilater, makewayi mai tsabta. Jikka bakwai dare guda. Ɗaki ɗaya tak ke da kilim, shi jikka goma sha biyu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abubuwa sunka tsaya. Anka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke kuran, ƴan proje da ke zuwa misiyo su kwana uku ko huɗu sunka ragu. Akwai satin da baƙo biyu kawai na rubuta. Ina ganin Kawu da dare yana lissafi da ƴan yatsu, na san kuɗin makarantata na cikin abin da yake ƙirgawa. Sai na ce masa mu sa gidan a intanet.

Ya dube ni ya ce, "Intanet ɗin nan taku baƙo taka kawowa, ko kiredi taka ci?"

Na ce, "Kawu, yanzu mutum tun yana cikin kar yake neman wurin kwana a portabul ɗinsa."

Ya ce, "To, yi abin da kag gani. Amma kak ka ɓata min suna."

Na fara da Google Maps, don kyauta ne. Ka buɗe shafin sana'a, ka sa suna, ka zaɓi irin aikin, ka sa lambar waya da hotuna, sannan ka dasa jan ɗigon nan bisa taswira a inda gidan yake. Sai an tabbatar gidan naka ne. Wata hanyar ita ce a aiko maka wasiƙa ta gidan waya da lambar sirri a ciki, mu kuwa layinmu ko suna ba shi da shi balle lamba. Da bidiyo na yi: na ɗauki ƙofa, allon suna, na buɗe ɗakuna da makullai a hannuna.

Na leƙa Booking.com ma. Can ba kyauta ba ne, suna ɗaukar kamasho bisa kowane baƙo, galibi wajen kashi 15 cikin 100. Na yi wa Kawu lissafi: cikin 7.000 F, 1.050 F nasu ne. Ya ce ko dillalin raƙumi a kasuwar Lahadi bai cin haka. Amma abin da ya hana mu ba kuɗin ba ne, kalanda ce. Dole kullum ka nuna wane ɗaki ke a buɗe. Kawu kuwa in mutumin Takanamat ya sauka da marar lafiya, makulli zai miƙa masa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ta yaya zan sayar wa wani a Yamai ɗakin da ban san ko an riga an ba dangi ba? Munka bar wannan.

Wata guda shiru. In ka rubuta "auberge Tahoua" sai manyan otal su fito sama, mu can ƙasa inda yatsa bai kai wa. Na karanta yadda ake jera sakamakon, abu uku ne: dacewar bayaninka da abin da mutum ya nema, kusancinka da shi, da kuma shahararka, wato yawan ra'ayoyin baƙi da taurarin da sunka ba ka. Na ce to, ashe abin da hannu ake gyara shi. Nan shaiɗan ya samu wurin zama.

Ga abin da na yi, ban ɓoye muku ba. Gidanmu na cikin lungu, sai ka bar godoro ka yi kwana biyu cikin rairayi. Na kama ɗigon na ja shi har bakin godoro, don a ga muna kusa da tasha. Na rubuta "ɗakuna masu kilim", alhali guda ne, kuma in kuran ya tafi shi da babu duk ɗaya. Na ɗauki hoton ɗakin nan guda ta kusurwa huɗu, ya zama kamar ɗaki huɗu. Na cire lambar Kawu na sa tawa, wai ni na iya faransanci. Sannan na bi abokaina na aji, wasunku na karanta wannan yanzu, na ce kowa ya ba mu tauraro biyar. Mutum tara sunka rubuta sun kwana gidanmu sun ji daɗi, alhali ko ƙofar ba su taɓa gani ba. Na saya musu shayi.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne matsalar. Waya ta fara ƙara. Wanda ya ɓace sai in ce ya tsaya nan in zo in ɗauke shi. Wanda ya tambayi kilim in ce yanzun nan aka kama ɗakin. Kawu ya ga baƙi, ya fara ce mini "mushe intanet".

Sai wani dare cikin ɗari, a watan Janairu. Ina da jarrabawa da safe, na yi karatu har sha biyu, batir ya mutu, babu kuran, na kwanta. Da safe wajen ƙarfe takwas ina shirin fita sai ga wata mata, malamar lakwal daga wajen Abalak, riƙe da hannun tsohuwarta. An turo su babban asibitin Tawa ne. Motarsu ta lalace a hanya, ba su iso ba sai ƙarfe ɗaya na dare. Ta duba taswira, ɗan kabu-kabu biyu sunka kai su daidai kan ɗigon. Abin da sunka tarar shagon mai faci ne a rufe. Ta kira lambata sau goma sha ɗaya. Sunka zagaya, babu wanda za a tambaya, sunka koma tasha. Can tsohuwar ta kwana bisa tabarma, cikin wannan iskar, da tarin da ya kawo ta.

Matar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta gaida Kawu da ladabi, ta ce, "Baba, ba ɗaki na zo nema ba, mun samu wani wuri. Na zo in ga ko gidan akwai shi da gaske." Ta juya.

Da yamma na ga ta rubuta ra'ayinta: tauraro guda, da layi uku cikin faransanci. Mai gida ba ya iya share ra'ayin baƙo, amsa kawai zai iya bayarwa. Na so in yi shiru, tunda Kawu ba ya karatun boko. Amma bayan isha'i ya kira ni ya ce, "Ɗiyar nan ta ce za ta rubuta. Karanta min, kak ka rage komi."

Na karanta, na fassara. Daga nan sai komai ya fito: ɗigon, kilim, abokan aji. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "Shekara goma sha tara nay yi ga ƙasar mutane. Na san mi a isa gari da dare ba ka san kowa ba. Wanda duk yac ce maka ga ƙofa, ranka ka ba shi. Kai ka ce musu ga ƙofa, ka kai su ga bango."

Bai kore ni ba, bai kuma daina gaisuwa da ni ba. Washegari ya dafa abinci ya kai asibiti da kansa, ya ce in riƙe kwanon.

A wannan satin na warware abin da na ƙulla. Na tsaya a bakin ƙofarmu na maida ɗigon inda ƙafata take. Na sake bayanin da faransanci da Hausa: ɗaki biyar na haya, guda mai kilim in akwai kuran, sauran bantilater, ga farashi, ana ba da fakitir. Na ɗauki hoton kowane ɗaki yadda yake, har da lungun da rairayinsa, don mutum ya gane hanya. Na maida lambar Kawu gaba, tunda shi ƙaramar wayarsa tana kwana uku da caji kuma a ƙarƙashin matashi take kwana. Na bi abokaina na ce su goge abin da sunka rubuta. Bakwai sunka goge, biyu sun manta kalmar sirrinsu, har yau abin na damuna. Ƙarƙashin ra'ayin matar na rubuta cewa duk abin da ta faɗa gaskiya ne, laifin nawa ne ba na mai gidan ba, kuma an gyara.

Munka faɗo ƙasa a jerin, ba shakka. Amma na koyi abin da ban lura da shi ba ina ta hangen taurari. Da na fara tambayar kowane baƙo yadda ya same mu, sai na ga yawancinsu ba ta taswira ba ne. Bature ba ya zuwa. Tun bayan harin Kure na Agusta 2020 Faransa ta shafa wa kusan duk ƙasar ja a taswirar matafiyanta. Baƙinmu ƴan kasuwa ne, masu jinya, ƴan bida da ke jiran kar, ƴan takarar konkur. Wani ya ji daga ɗan'uwansa, wani ɗan kabu-kabu ya kawo shi. Sai na ɗauki saƙon murya na minti guda a WhatsApp, ina kwatanta hanya daga tasha da Hausa, wani abokina ya yi da Tamajak. Duk wanda ya kira sai in tura masa tare da ɗigon. Wannan saƙon ya zaga fiye da duk hotunana.

Yanzu kowace Juma'a nakan duba shafin: farashi daidai ne, lamba na shiga, wani bai ba da shawarar a canza wani abu ba? Baƙon da ya tashi tafiya nakan ce in yana so ya rubuta abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi. Ana samu jefi-jefi. Wani ya yaba tsabta, wani ya ce zakaran maƙwabta ya hana shi barci, kuma gaskiya ya faɗa.

Na san da yawanmu a wannan ƙungiya mu ne "mushe intanet" na gidajenmu. Mu ke buɗe wa iyaye shafin shago, na tela, na gidan abinci. Su sun ba mu sunan da sunka yi shekaru suna ginawa, kuma ba za su iya karanta abin da munka rubuta da shi ba. Ku tuna da wannan kafin ku ja ɗigo.

Tauraron matar na nan har yau, shi ne na farko da idona ke faɗa wa. Ɗaki na shida kuma ba ya cikin intanet ko kaɗan. Kawu ya ce wannan na mutanen gida ne da wanda dare ya yi wa. Makullinsa na rataye a ƙusa bayan ƙofa.