Ƙaryar da Na Yaɗa da Sunan Kare Tarbiyya

A shekarar 2016, lokacin da wasan Pokémon Go ya fito duniya ta ɗauka, wani saƙo ya riƙa yawo a WhatsApp. Saƙon ya ce finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, makirci ne da aka ƙulla don raba 'ya'yan Musulmi da addininsu. Babbar hujjarsa ita ce wai sunan Pokémon yana nufin "ni Bayahude ne" a harshen Japan. Ina cikin waɗanda suka gaskata, suka tura wa jama'a, kuma abin bai tsaya nan ba.

Akwai ɗan yayata da yake zaune a wurina yana karatun sakandare. Tun yana ƙarami yake kallon irin waɗannan finafinai a tashoshin Larabawa irin su Spacetoon, har hannunsa ya faɗa da zana su. Yana da wani littafin rubutu da ya cika da zane, da biro shuɗi da ja, kowane shafi da kwanan wata a ƙasa. Bayan sallar isha'i na kira shi, na karanta masa saƙon, na karɓi littafin na ɗora a kan garwashin kurfoti. Yana durƙushe, kansa a sunkuye, bai ce uffan ba har takardun suka zama toka.

Bayan wasu makonni ya same ni ni kaɗai, ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, Allah Ya huci zuciyarka, na bincika maganar nan, ba haka take ba." Raina ya ɓaci, amma da na zauna na bi diddigi da kaina, sai na tarar yaron ne da gaskiya. Pokémon taƙaitaccen sunan Pocket Monsters ne, wato dodannin aljihu. Wani ɗan Japan mai suna Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙiro shi, daga sha'awar kamun ƙwari da ya yi yana yaro. Kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon na farko a 1996, fim ɗinsa na zane kuma ya fara a talabijin a 1997.

Abin da ya ruɗe ni shi ne saƙon ya cakuɗa gaskiya da ƙarya. Tabbas malaman fatawa na Saudiyya sun haramta Pokémon a 2001, suna kafa hujja da cewa wasan katinsa ya yi kama da caca, akwai ra'ayin Darwin a ciki, da wasu alamomi da suka ce na wasu addinai ne. Wannan magana ce ta malamai, mai so ya bi, mai ja ya ja da ilimi. Amma zancen ma'anar sunan jita-jita ce da ta bazu a ƙasashen Larabawa a wancan lokaci, aka liƙa ta a jikin fatawar don ta yi nauyi. Haka nan da gaske ne a ranar 16 ga Disamba 1997 an kai yara fiye da 600 asibiti a Japan bayan sun kalli wani kashi na fim ɗin. Musabbabin shi ne hasken ja da shuɗi da ya riƙa walƙiya da sauri a allon, kuma an dakatar da shirin wata huɗu. Ba asiri ba ne, ba tsafi ba.

Ita kuwa Japan ba ta ɓoye cewa tana tallata al'adunta da waɗannan finafinai ba. A 2008 ma'aikatar harkokin wajenta ta naɗa kyanwar nan ta zane, Doraemon, jakadan anime, a 2013 kuma aka kafa asusun Cool Japan don sayar da kayan al'adun ƙasar a ƙetare. Kasuwa ce da neman farin jini, a bainar jama'a.

Wannan ba ya nufin babu abin tsoro. Yawancinmu mun ɗauka duk fim ɗin zane na yara ne, alhali da yawa daga cikin anime don manya aka yi su, da tsiraici da zubar da jini. Wasu labaran cike suke da iskokai da abubuwan bauta na gargajiyar Japan. Ga cin lokaci, yaro ya kwana a kan waya ya makara sallar asuba. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata in tsaya a kansu, kuma ba sa buƙatar ƙarin gishiri.

Na gane girman ɓarnar da na yi ranar da na ja masa kunne a kan wani fim da na tabbatar bai dace ba. Cikin ladabi ya ce, "Kawu, ka gani da idonka, ko turo maka aka yi?" Tambayar ta soke ni. Da hannuna na rage wa maganata daraja, a daidai lokacin da yake buƙatar ta.

Na ba shi haƙuri, na sayo masa littafin zane. Na aika gyara ga duk waɗanda na tura wa saƙon, amma 'yan ƙalilan ne suka tura gyaran gaba. Magana zarar bunu ce. Na san ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da tantance labari tun ina makarantar allo, amma da labarin ya zo daidai da tsoron da ke zuciyata, sai na manta da ita.

Iyaye da malamai, kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Yaran yau suna da waya a hannu, za su bincika abin da muka faɗa musu. Kafin ka hana, zauna ka kalli abin tare da su, ka nuna musu aibin da ka gani da idonka. Saƙon da ba ka san tushensa ba kuwa, bar shi ya mutu a wayarka.