Sanin Itacen Wuta Bayan Ya Bushe

Itace muddin yana tsaye da ganyensa, ko yaro mai kiwon awaki ya san sunansa. Amma in an sare shi an faskara, ya sha rana, to, gane shi sai wanda ya saba. A Dangoma, ta ƙasar Kalgo cikin masarautar Gwandu, magidancin da ya sayi dami bai duba ba, ran da ruwan Agusta ya tsare, lalle zai ji labari daga madafa.

Farkon abin dubawa ɓawo ne. Na kaɗanya kauri gare shi, a tsattsage gida-gida kamar bayan kada. Na marke ba kauri, ya kan ɓamɓare ya bar dabbare-dabbare. Kalgo kuwa, wanda ya yi suna ɗaya da garin, ɓawonsa zare-zare ne, shi ya sa a ke igiya da shi. Sai dai sau da yawa ɓawon ya riga ya zube, sa'an nan sai a koma ga hannu da kunne.

A nan ne ƙirya ba ta ɓuya. Ɗan guntunta ya kan yi nauyin da ya fi girmansa, cikinta ja ne mai duhu, in an gwara biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Gara ba ta cika taɓa ta ba, garwashinta na daɗewa, maƙera kuwa ba su da gawayin da ya fi nata. Domin haka ta yi wuyar samu, domin haka kuma mai wayo ya kan jera faskarenta biyu a bayan dami, ya cika ciki da gawo, fari marar nauyi, wanda ya kan ci nan da nan ya bar toka tuwo bai nuna ba. Bagaruwa ma ja ce mai nauyi, amma wanda aka ba shi ita a madadin ƙirya bai yi babbar hasara ba. Dogon yaro ne ya fi ruɗa mutane, gama cikinsa ja-ja ne. Baƙo ne, a Borno aka fara dasa shi a 1928, tsofaffin da ba su san shi ba. A kankare shi a ɗanɗana, ɗacinsa zai faɗi sunansa.

Kaɗanya na ci da kyau, ba shakka. Amma macen da ta gan ta cikin dami ta san an kashe itacen da ke ba ta man kaɗe. Zamanin En'e, malaman daji su kan kai mai saranta gaban alƙali.