LA BREA: Ramin Kwalta A Tsakiyar Birnin Finafinai

Duk mai son fim da Allah ya kai shi Los Anjelis, abin da ke ransa shi ne Hollywood da taurarinta. Amma a kan titin Wilshire, ba nisa da can, akwai wani dandali da ke tarbar baƙo da warin kwalta tun daga bakin hanya, kai ka ce ana aikin titi ne. Sunan wurin La Brea, kuma kwaltar daga ƙarƙashin ƙasa take ɓulɓulowa tun kafin a kafa birnin.

Abin da ke kai masoya fim wurin shi ne wani shiri na yara mai suna Land of the Lost, wanda 'yan'uwa biyu Sid da Marty Krofft suka shirya, tashar NBC ta nuna daga 1974 zuwa 1976, kashi 43. Labarin wani magidanci ne, Rick Marshall, da 'ya'yansa Will da Holly, suna cikin kwalekwale sai girgizar ƙasa ta jefa su wata duniya mai cike da dainoso, suka rasa hanyar gida. Da aka mayar da labarin fim a 2009, Will Ferrell ya fito a matsayin Rick Marshall, aka nuno shi yana aiki a nan La Brea.

To, a nan ne wasu ke shan mamaki. Mutum zai zo da zumuɗin ganin ƙashin dainoso, sai a ce masa babu ko ɗaya. Dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali ƙasusuwan da ake tonowa a ramukan nan ba su haura kimanin shekara dubu 50 ba. Abin da kwaltar ta haɗiye giwaye ne na zamanin ƙanƙara, da kyarketai, da wata irin damisa mai dogayen haure, har da raƙuma da dawaki. Ganye da ƙura kan rufe kwaltar, dabba ta taka ta maƙale, masu cin nama su zo cin banza su ma su maƙale. Shi ya sa a gidan tarihin da aka buɗe a wurin a 1977 aka jera ƙoƙon kan kyarkeci sama da 400 a bango guda.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne bakin babban tafkin kwaltar. An kafa gumakan giwaye uku: uwa ta nutse rabi tana kururuwa, uba da ɗa suna gaɓa suna kallo, ba yadda za su yi. Wanda ya san shirin, dole iyalin Marshall su faɗo masa a rai.

Ita kuwa duniyar shirin, kada mai karatu ya wahalar da kansa nemanta. A cikin sutudiyo aka gina ta. Dainoson 'yan tsana ne da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka, sannan a haɗa da hoton 'yan wasa. Hatta yaren da mutanen dajin suke yi, wato Pakuni, wata malamar jami'a ce, Victoria Fromkin, ta ƙirƙiro shi, wadda a 1968 ta yi haɗin gwiwa wajen rubuta littafi a kan harshen Akan na Gana.

Mai son ganin dainoso na gaske, sai ya duba kusa da gida. A hamadar Gadufawa ta jihar Agadas aka tono wanda aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999, kuma gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai yana da ƙasusuwan dainoso a baje. Kuɗin mota ya isa, ba sai an nemi bizar Amurka ba.