Yaya Ta Zauna, Ƙanwa Ta Yi Hijira

'Ya'ya shida Allah Ya bai wa Sarki William na Huɗu na Luksamburg, duka mata. Da ciwo ya kwantar da shi, matarsa Maria Ana, gimbiyar Fotugal da aure ya kawo gidan, ita ta riƙe ƙasa. A 1912 babbar 'yarsu, Marie-Adélaïde, ta gaji sarauta tana da shekara 17.

Bayan shekara biyu sojojin Jamus suka mamaye ƙasar. Yarinyar ta zauna a fadarta, har ta karɓi baƙuncin Sarkin Jamus. Wannan ne aka ƙi yafe mata, alhali da wuya mai ƙasar da ba ta da rundunar kirki ta iya rufe wa irin wannan baƙo ƙofa. Ta yi murabus a 1919, ta shiga gidan zuhudu a Italiya, ta rasu a 1924 ba ta cika talatin ba.

Ƙanwarta Charlotte, wadda ta gaje ta, ganau ce. Da Jamusawa suka dawo a 1940, sai ta tsallake iyaka, ta riƙa yi wa talakawanta jawabi ta BBC daga Landan. Da ta komo gida a 1945, jama'a suka yi dafifi don tarbarta.