Na ziyarci masu walda a Maraɗi

Jama'a, ran Litinin na tashi daga Agye zuwa kasuwar Maraɗi. Bayan mun wuce Cadawa, motarmu ta hwaɗa rami. Ƙarhen da ke ƙarƙashin kujerar baya ya tsage. Direba ya lallaɓa har cikin gari, ya kai ta garaji. Kayana suna ɗaure bisa mota, don haka na zamna can har la'asar. Abin da na gani ya isa a ba ku labari.

Maraɗi garin motoci ne. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta biyo nan. Wata hanya kuma ta yi kudu, ta Ɗan Isa da Jibiya, zuwa Katsina. Shi ya sa duk inda ka juya za ka ji ƙarar guduma. Ga tsohhin ƙohohin mota jingine da bango. Ga amalanken jaki na mutanen ƙauye suna jiran gyara.

Mai garajin dattijo ne, hannuwanshi duk tabon ƙuna. Na zaci zai kunna wuta nan take. Ina! Ya hi rabin awa yana shiri.

Da hwarko ya sa kowa ya sauka. Ya cire wayar batiri, ya soma da ta wajen alamar ragi. Yaranshi suka hidda kujera da ledar ƙasa da tsummoki. Sannan ya leƙa bayan ƙarhen, don ya ga ko akwai waya ko tiyon mai. Ya ce zahi yana ratsa ƙarhe, ya kunna abin da ido bai gani ba.

Da ya ga tsagar tana kusa da tankin esansi, sai ya sa aka kwance tankin, aka kai shi nesa. Direba ya ce: "Baba, ai ba kome ciki, mai ya ƙare." Dattijo ya ce: "Yaro, wannan shi ne abin tsoro. Tururin da ya saura ciki shi ke hwashewa."

Ni ma na tambaye shi: "Baba, to tanon da muke saye mu yi na ruwa hwa?" Ya ce: "Malam, duk ɗaya ne. In ya taɓa ɗaukar esansi, ko ya shekara ajiye, kada a sa mashi wuta. Wanki guda bai isa ba." Ku da ke kai tano wurin mai walda, ku gaya mashi abin da aka taɓa zubawa ciki.

Walda iri biyu na gani. Akwai ta wutar lantarki. Akwai ta karbir, wanda in ya sha ruwa yake ba da iska mai kamawa. Ana gama ta da iskar wata doguwar kwalba ta ƙarhe. Kwalbar tana tsaye, ɗaure da sarƙa, cikin inuwa. Ba a taɓa bakinta da hannu mai maiƙo, don maiƙo yana iya kama wuta.

Dattijo ya sa rigar auduga mai kauri, da safar hwata, da rufaffen takalmi. Rigar leda narkewa take yi, ta manne ma jiki. Ya ruhe huskarshi da garkuwa mai baƙin madubi. Tabaran rana bai isa ba. Kusa da shi akwai bokitin rairayi, don ruwa ba ya kashe wutar esansi, yaɗa ta yake yi. Waje yake aiki inda iska ke kaɗawa, saboda hayaƙin fenti da na kwano yana ɓata ƙirji.

Yanzu ga nawa laihi. Hasken ya yi mani kyau, na tsura mashi ido, ko da yake an hana ni. Da rana ban ji kome ba. Da tsakar dare sai na tashi kamar an zuba mani rairayi cikin ido, hawaye na ta zuba. Da sahe likita ya ce hasken ne ya ƙona bisan idon. Ya hana ni murzawa, ya ba ni magani. Kwana 2 ban iya koyar da karatu ba.

Bayan an gama, dattijo bai sallami motar ba sai da aka yi minti 30. Ya ce wuta tana iya ɓoyewa ta tashi daga baya.

To ƴan'uwa, in kun kai mota ko amalanke gyara, kada ku matsa ma mai walda da gaugawa. Ku janye yara da dabbobi, ku juya ma hasken baya. Wanda ya ƙone, a zuba ma wurin ruwa mai sanyi minti 20, kada a shahwa mai ko toka, a kai shi likita. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi. Allah ya tsare mu.