Haƙƙin Hanya Tsakanin Mai Keke Da Mai Mota

 

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo titunan Sakkwato. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1000. Ma'aikaci ya jingine babur, ɗalibi ya rage tsayar da kabu-kabu, aka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure. Wannan hawan larura ne. Bayansa sai ga wani hawan na nishaɗi: samari su haɗu bayan sallar asuba ranar Asabar, su yi ayari, su nufi hanyar Wamakko ko ta Dange don motsa jiki. Akwai ɗalibaina na Islamiyya a nan Tudun Wada a cikinsu, kuma kusan duk mako sai sun kawo mini ƙarar direbobi.

Ƙarar tasu tana da tushe. Direba zai taho a guje, ya danna oda a kunnen yaro, ya matse shi har sai ya sauka cikin yashi, sannan ya leƙo ya bi shi da zagi. Na sha jin ana cewa titi na mota ne. Abin da ke ƙarƙashin wannan magana, in mun faɗi gaskiya, raini ne: a idon da yawa daga cikinmu keke alamar talauci ce, mai shi kuma ba ya da ta cewa. Rainin bai bar manya ba. A 2001 ministan sufuri na tarayya, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran a koma hawan keke, wata bas ta banke shi ya faɗa kwata a Abuja yana kan kekensa, jama'a suka mayar da abin labarin ban dariya. To, in minista ne haka, ina ga ɗan makaranta?

Ya kai ɗan uwa, addininmu bai bar hanya babu doka ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa wa sahabbai haƙƙoƙin hanya, kame cutarwa na cikinsu. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin Abu Huraira (RA) kan wanda ya kamata ya fara sallama, inda aka ɗora ta a kan mahayi idan ya haɗu da mai tafiya a ƙasa. Malamai masu sharhi sun ce hikimar ita ce kada hawa ya sa wa mutum girman kai. Wanda ya fi tsawo a hanya, shi aka ce ya fara rusunawa. Fiƙihunmu ya tafi a kan haka: a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda muke karantawa a zaurukanmu, an ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mahayinta, haka ma mai janta da mai korarta. Idan haka ne ga mai doki, yaya mai ƙarfen da ya fi tan guda nauyi? Ba na ce kowane haɗari laifin direba ba ne, wannan aikin alƙali ne. Ina cewa ne taka-tsantsan ya fi wajaba a kan wanda kuskurensa ke kashewa.

Ɗalibaina suna jin daɗin wannan bayani har sai na zo kashi na biyu. Mai keke shi kaɗai mai rauni ne, amma ashirin a jere ƙarfi ne, ƙarfi kuwa yana sauya hali. Na ga ayarinsu ya cika titi, uku-uku suna hira, motar haya cike da fasinja tana binsu a baya kamar jana'iza. Wa ya san ko akwai mai naƙuda a ciki? Na ga sun ratsa ta gaban tsoho mai tura kurar ruwa ba su sassauta ba, babu wanda ya yi masa sallama. A wannan lokaci su ne mahaya, shi ne mai tafiya a ƙasa, kuma hadisin da suka kafa hujja da shi a kan direba ya juyo kansu. Wanda ya tare hanya ya cutar, ko da ƙararrawa kawai gare shi.

Wani daga cikinsu ya ce mini, «Malam, in muka yi layi ɗaya ai sai su fi matse mu.» Akwai gaskiya a nan, don direba ya fi ganin taro. Shi ya sa ban ce su watse ba. Abin da muka tsayar shi ne su yi bibbiyu inda hanya ke da faɗi, su koma ɗaiɗai a ƙunci da kwana, na baya ya sa riga mai ɗaukar ido, kuma a lokacin hunturu kada su fita sai gari ya waye sosai, saboda hazo. Idan motoci suka taru a bayansu, su sauka gefe su ba da hanya, su ɗaga hannu ga wanda ya yi haƙuri da su.

Direbobin unguwarmu kuwa, waɗanda muke haɗa sahu da su a masallaci, zan nemi liman ya ba ni minti biyar bayan la'asar ranar Juma'a mai zuwa, in Allah Ya so.